Shagon tura fina-finai na kusa da Wunti, da fim ɗin Ingila da ya raba kan masu kallo

A cikin masu tura fina-finai da ke zagaye da kasuwar Wunti a nan Bauchi akwai wani matashi da nake ganin aikinsa ya cancanci a yi magana a kai, kuma dalilina guda ne: yana kallon abin da yake sayarwa. Wanda ya saba shiga irin waɗannan shaguna ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. A mafi yawansu in ka tambayi fim, yaro ne zai latsa kwamfuta, in ya ga sunan ya tura maka, in bai gani ba ya ce ga sabon Indiya mai fassara. Shi kuwa wannan in ka ambaci fim zai gaya maka ko hoton garau yake, ko magana tana tafiya daidai da bakin 'yan wasa, da ko abin da za a iya kunnawa gaban iyali ne.

Shagon ƙarami ne. Benci ɗaya, kwamfuta biyu, fanka a bango, da sola a kan rufi, don haka ko an ɗauke wuta aiki ba ya tsayawa. Naira 100 yake karɓa a kan fim guda, masu dogon zango kuma ya yi maka jimla. In ka kai gida fim ya ƙi buɗewa, ko ka kalla ka ga ba irin naka ba ne, ka dawo ya musanya maka ba tare da ƙarin kuɗi ba. Wannan na gani da idona, ba labari aka ba ni ba.

Ni sana'ata hayar lasifika ce, a wuraren biki da walima da wa'azi, saboda haka kunnena yakan riga idona yanke hukunci a kan fim. Abin da ya fara haɗa ni da shi ke nan. Yana ajiye fina-finai da yawa kwafi biyu: ƙarami na masu waya da ƙaramin memori, wanda aka matse har sautinsa ya shaƙe, da babba wanda ya haura giga ɗaya, sautin dama da na hagu kowanne a wurinsa. Kuma yana tambayarka a kan me za ka kalla kafin ya tura. Da ya fahimci abin da nake yi, sai ya buɗe mini wani fayil da ya tara tsofaffin fina-finan Ingila na shekarun 1960 da 1970, ya nuna guda ya ce, "Oga, wannan naka ne. Amma don Allah kada ka kalle shi da sifikar waya." Ya ƙara da cewa a duk shagon babu fim ɗin da aka fi dawo masa da magana a kansa, wasu da faɗa, wasu da aboki a bayansu wanda shi ma yake so a tura masa.

Sunan fim ɗin The Shout, ya fito a 1978. Jerzy Skolimowski ɗan ƙasar Poland ne ya ba da umarni, Jeremy Thomas ya shirya, an kuma ɗauko shi daga wani gajeren labari da marubucin Ingila Robert Graves ya fitar a 1929. Tsawonsa bai cika awa ɗaya da rabi ba. A bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa a wannan shekarar ya sami babbar kyautar alƙalai, wadda ya raba da wani fim na Marco Ferreri ɗan Italiya. Duk da haka bai zama fim ɗin kowa da kowa ba, 'yan tsiraru ne suka riƙe shi suna ta komawa kansa.

Ga yadda labarin yake. Ana wasan kurket a harabar wani asibitin masu taɓin hankali. A cikin wata 'yar rumfar katako mutum biyu suna rubuta maki: wani baƙo, da wani majinyaci mai suna Crossley, wanda Alan Bates ya fito a matsayinsa. Crossley ya ce zai ba da labari, ya ce gaskiya ne, amma kuma ya amsa da bakinsa cewa yakan sauya tsarinsa duk lokacin da ya ba da shi. Labarin na wasu ma'aurata ne da ke zaune a wani gida can gefe a gaɓar teku a arewacin Devon, kudu maso yammacin Ingila. Mijin, Anthony (John Hurt), mai haɗa sauti ne, yana da ɗaki cike da na'urori inda yake naɗar ƙarar ƙananan abubuwa yana juya su, ranar Lahadi kuma yana yi wa coci kiɗa. Matar, Rachel (Susannah York), tana gida, ba su da ɗa. Wata Lahadi Crossley ya tare Anthony a wajen coci, ya ja shi da hira, ya nuna yunwa yake ji, ya bi shi gida cin abincin rana. Daga nan bai tafi ba. A kan teburi ya gaya musu ya yi shekara 18 a cikin 'yan asalin Ostareliya, ya ce ya kashe 'ya'yan da ya haifa a can, ya ce kuma wani boka ya koya masa wani ihu da ke kashe duk mai ran da ya ji shi.

Na haɗa manyan sifiku biyu a ɗakin da nake ajiye kayan aiki, bayan sallar isha'i muka zauna. Akwai kawuna, dattijo ne mai koyarwa a Islamiyya, akwai ƙanina da ke karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) wanda ya riƙa fassara wa marasa jin Turanci, akwai wani tela maƙwabcina, da wani abokina ma'aikacin jinya da ya taɓa aiki a sashen masu taɓin hankali. Abin da ya biyo baya shi ya sa nake wannan rubutu, domin fim ɗaya muka kalla amma kowa da abin da ya gani.

Tela ne ya fara magana, tun kafin a kai rabi. Akwai wurin da Crossley ya tsinci ɗan ƙarfen maɗaurin takalmin Rachel ya ɓoye, daga nan in yana murza shi a hannunsa sai matar ta rasa kanta, ta koma ba ta ganin kowa sai shi. Tela ya buga cinyarsa ya ce wannan ai sammu ne tsagwaronsa, babu wani abin ruɗani a ciki. An ɗauki abin da ya taɓa jikin mace an yi aiki a kai, to me ya rage? Ya ce in da a Bakaro ko Ƙofar Dumi aka yi wannan, tsohuwar gidan ce za ta fara tambayar ina ɗayan takalmin ya shiga. Da aka zo inda fim ɗin ke nuna kurwar mutane tana ɓoye a cikin duwatsu a tuddan yashi, har Anthony ya je yana neman dutsen Crossley don ya farfasa, tela ya ce ai labarin maita ne da kama kurwa da muka taso muna ji, sai dai an sa wa mutanen kwat. A wurinsa fim ɗin da ake cewa yana da wuyar fahimta miƙaƙƙen labari ne, kuma ya ji daɗinsa.

Kawuna bai ji daɗi ba, kuma ba tsoro ne ya hana shi ba. Da aka yi ihun, ya nemi a tsayar da fim. Ya ce halaka mutane da tsawa guda abu ne da Alƙur'ani ya ambata a kan Samudawa mutanen Annabi Salihu, da mutanen Madyana na Annabi Shu'aibu, duka a cikin Suratu Hud, kuma azaba ce daga Allah. A ɗauki irin wannan a sa a maƙogwaron wani ɗan Adam da ya koya wurin boka, ya ce, abu ne da zuciyarsa ba ta karɓa ba ko da a wasan kwaikwayo ne. Tela ya ce, "Baba, ai mahaukaci ne yake ba da labarin." Kawu ya ce ya sani, amma idon mai kallo ba ya tuna haka a lokacin da yake ganin tumaki suna zubewa. Ya zauna har ƙarshe saboda kara, amma ya ce ba zai sake kallo ba, ba zai kuma ba wa ɗalibansa shawarar su kalla ba. Ina girmama wannan matsayi, kuma ina ganin duk wanda zai karɓi fim ɗin gara ya san akwai wannan a ciki.

Abokina ma'aikacin jinya shi ne ya fi kowa yin shiru, kuma shi ne maganarsa ta fi tsaya mini. Ya ce shi bai ga asiri ba ko kaɗan, majinyaci ya gani. Ya ce ya zauna da mutane irin Crossley, masu kaifin basira da iya zance, waɗanda za su ɗauki fuskokin mutanen da ke kewaye da su, likita da nas da mai kawo ziyara, su saƙa labari da su har kai mai lafiya ka fara shakkar kanka. Ya ja hankalinmu ga cewa mutanen cikin labarin suna nan a harabar asibitin a wajen labarin, shi Anthony ɗin ma yana cikin masu wasan kurket. To wa ya san abin da ya faru da gaske? Ya ce abin da ya tayar masa da hankali shi ne yadda fim ɗin ya sa shi, shi da ya san aikin, ya gaskata majinyaci na tsawon awa guda. Wannan fahimta tana da madogara. Robert Graves ya yi yaƙin duniya na farko, an ji masa mummunan rauni a fagen yaƙin Somme da ke Faransa a 1916, ya kuma daɗe yana fama da firgicin yaƙi bayan ya dawo. Mutumin da ya kwana cikin rugugin manyan bindigogi ne ya rubuta labarin ƙarar da ke kisa.

Ƙanina nasa fushin daban ne. "Yaya," ya ce, "ka lura duk sharrin daga ina aka ce ya fito?" Turawan Ingila sun sauka Ostareliya a 1788, suka ƙwace ƙasar daga hannun mutanen da suka tarar, sannan ga fim ɗinsu yana jingina wa waɗannan mutanen tsafi da kisan jarirai, ba tare da an ba ko mutum ɗaya daga cikinsu bakin magana ba. Bokan ma wata inuwa ce kawai da ake hangowa a kan yashi. Ya ce irin kallon da aka daɗe ana yi wa Afirka ne a fina-finansu. Na ce masa daga bakin mara lafiya maganar ta fito, kuma fim ɗin bai ce gaskiya ba ce. Ya ce haka ne, amma bai ce ƙarya ba ce. A nan ban iya ture shi ba, kuma har yanzu ina ganin wannan ne babban aibin fim ɗin.

Ni kuma ga nawa. Ihun kansa, ta fuskar sana'a, aiki ne na ƙwararru. Crossley ya ja Anthony zuwa tuddan yashi da sassafe, Anthony ya toshe kunnuwansa da kaki a ɓoye. Sai aka janye kusan duk wani sauti, ya rage iska da jan numfashin mutum, kunnenka ya saki jiki, sannan abin ya faɗo. Anthony ya gangaro daga tudu a sume, tumaki suka zube, makiyayinsu ya faɗi matacce. Sirrin yana cikin shirun da aka gabatar, domin kunne da abin da ya gabata yake auna ƙara. Mu masu lasifika mun san wannan, shi ya sa wanda ya ƙure sauti tun farkon taro ba ya da abin da zai ƙara in an zo wurin da ake buƙata. Fim ɗin yana cikin na farko-farko a Ingila da aka yi da tsarin sauti na Dolby, kiɗansa kuma Tony Banks da Mike Rutherford na ƙungiyar mawaƙa ta Genesis ne suka yi. Na gwada ƙaramin kwafin a waya don in kwatanta, ihun ya koma wata 'yar ƙara mai kaushi da ba ta tsorata ko yaro. Duk waɗanda suka koma wa mai shago suna cewa fim ɗin banza ne, na tabbata yawancinsu a haka suka kalle shi.

Amma ba ihun ne ya hana ni barci ba. Zaman Crossley a gidan ne. Yadda yake cin abinci a hankali, yadda yake kallon mai gida ba ya ƙiftawa, yadda kullum yake ƙara matsawa taku ɗaya, har ya kai yana faɗa wa Anthony a fili abin da zai yi da matarsa, shi kuma ya kasa cewa fita. Mu da muka taso ana ce mana baƙonka Annabinka, ana kuma ce mana baƙo raɓa ne, mun san nauyin korar wanda ka riga ka shimfiɗa wa tabarma. Fim ɗin ya kama wannan kunyar ya matse ta har ta zama abin tsoro. Alan Bates bai ɗaga murya ba a kusan duk fim ɗin, kuma wannan ne ya sa in ya shigo ɗaki kake jin iska ta ragu.

Maiɗakina ta kalla daga baya a talabijin ɗin gida, ita kuma ta kawo abin da duk mu maza muka tsallake. Ta ce tun kafin baƙo ya zo gidan a buɗe yake, domin Anthony yana neman matar shumekan ƙauyen a ɓoye. Ta ce kuma a duba wurin cin abincin nan: namiji ya zauna gaban macen da ba ta haihu ba yana ba da labarin yadda ya kashe 'ya'yansa, mijinta yana zaune bai ce uffan ba. "Maigida," ta ce, "ko babu asiri, daga wannan ranar matar nan ta gama sanin wanda take aure." Ita ba ta tsorata ba, tausayin Rachel ne ya kama ta, ta kuma ji haushin yadda fim ɗin ya mai da ita abin ja-in-ja tsakanin maza biyu.

Kwafin da ta kalla shi ne ya kawo ni ga wani aikin da mai shagon yake yi wanda ban saba gani a wasu wurare ba. Fim ɗin yana da tsiraici a fili a wurare da dama. Shi da kansa yake zama ya yanke irin waɗannan wurare ya ajiye kwafi na daban, kuma shi yake fara miƙa wa mutum. Wanda muka kalla da kawuna ma shi ne. Na yaba da wannan ƙwarai, domin ya san garin da yake kasuwanci a ciki. Sai dai yankan nasa yana da gyara. Yana datse hoto da sauti lokaci guda, sai ka ji kiɗa ya yi tsalle, a fim ɗin da duk ƙarfinsa a kunne yake. Kuma akwai wurin da ya cire da yawa har mai kallo ba ya gane yaushe Rachel ta juya gaba ɗaya, sai kawai ka ga mace ta zama wata. Da zai riƙa duhunta hoton ya bar sautin yana tafiya, da ya tsare mutunci bai kuma karya labari ba. Na gaya masa, ya saurara, ya ce zai gwada.

Sauran ƙorafina ƙanana ne amma na gaske. Tsofaffin fina-finan nan ba su da fassarar Hausa, da yawa ba su da ko rubutun ƙasan allo, Turancin Bates kuma ƙasa-ƙasa yake, wanda bai ƙware ba zai sha wuya in babu mai fassara masa. Sunayen fayilolin a hargitse suke, wasu lambobi ne kawai, in ka tura guda biyar sai ka buɗe kowanne kafin ka san wanne ne wanne. In mai shagon ya fita ya bar yaronsa, duk wannan bayanin da na yaba babu shi, turi ne kawai. Bayan la'asar wurin yana cika da samari har bakin ƙofa, babu inda mace za ta tsaya cikin sakewa, shi ya sa mata suke aiko yara, kuma bai kamata a ce yaro ne zai karɓo irin wannan fim ba. Akwai kuma maganar da ta shafi sana'ar gaba ɗaya, wadda 'yan Kannywood suka daɗe suna kuka a kanta: waɗanda suka zuba dukiya da wahala suka yi fim ba sa ganin ko kwabo daga wannan Naira 100. Kyawun hidimar mutum ɗaya bai goge wannan ba.

Wanda yake son zuwa, ya je da hantsi kafin azahar, lokacin mai shagon yana nan da kansa kuma babu cunkoso. Ya tafi da filashi ko memori mai sarari, ya ce babban kwafi yake so, ya kuma faɗi a fili cewa yankakken yake nufi. Fim ɗin ba na yara ba ne ko da an yanke, ba kuma na wanda zuciyarsa ke saurin bugawa ba ne. Mai kallo da iyafis ya rage ƙara da zarar ya ga mutanen biyu sun fara hawa tuddan yashi. Sautin da ya haura desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti yana cin kunne in aka daɗe a kansa, wajen 120 kuwa zafi ake ji nan take, kuma iyafis a ƙure yana kai sauti cikin kunne kai tsaye babu tazarar da za ta rage shi.